Takardar da aka ba Anti a asibiti

Yaya ina wuni, ya gida ya yara ya zafin Kano? Kin ce in ba ki labarin asibitin da nake ta raka Anti maƙwabciyata, to yau ba na aiki shi ne na ce bari in rubuta a nan kowa ya gani, don na san gidaje da yawa suna cikin irin abin da muka shiga lokacin jinyar Gwaggo, Allah ya jiƙanta.

Antin 'yar Gwammaja ce, ta daɗe a Manchesta, sankarar mama aka gano mata. Likitan unguwa ne ya tura ta, ba a yi sati biyu ba aka kira ta gwaji. Ƙa'idarsu a Ingila cikin kwana 28 a faɗa miki ko ciwon ne ko ba shi ba ne, cikin kwana 62 kuma a fara magani, amma fa kar ki ɗauka kullum suna cikawa, su ma kukan layi ake ta yi a labarai.

Injina kam na gansu kala-kala, amma wallahi wata takarda ce ta tsaya min a rai. Bayan an faɗa mata sakamako wata nas ta shigar da mu wani ɗan ɗaki mai kushin da kwalin tishu a kan tebur, ta ce daga yau ita ce nas ɗinta ga lambarta ta kira in wani abu ya taso, sai ta miƙo fom. Jerin abubuwa ne reras, ciwo, rashin bacci, tashin zuciya, tsoro, kuɗin haya, wajen aiki, wa zai kai yara makaranta, zaman aure, har da ibada. Duk wanda yake damunki ki sa masa alama, sannan ki faɗi nauyinsa da lamba har zuwa goma. Anti ta kalle ni ta ce da Hausa "wai har da kuɗin haya, su za su biya min?" muka yi dariya, dariyarta ta farko kenan ranar. Ta sa alama a bacci da zubewar gashi, sai ta yi shiru can ta ce ita azumi ne ya fi damunta, ya za ta yi da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake sa wa mutum a jiki. Nas ɗin ba ta yi gaggawa ba ko kaɗan, ta rubuta abin da za a yi a kan kowanne, ta ba ta kwafi ta ce za a aika wa likitan unguwa ɗaya. Maganar azumi ta haɗa ta da limamin asibiti, eh suna da liman. Da aka zo kan gashin kanti Anti ta ce a bar shi ɗankwali ya ishe ta.

Ni kuwa ina zaune Gwaggo nake tunawa. Watanni muna kai ta ana dawowa da ita ba wanda ya taɓa tambayarta ko tana samun bacci, kuma ban ga laifin likitocin ba, mutum ɗaya ga layi har baranda. Mu kanmu 'yan gida kullum "ya jiki" ta ce "da sauƙi" shikenan. Sai bayan rasuwarta kika faɗa min ashe filin da aka sayar don kuɗin maganinta shi ke hana ta bacci. Ga wahalar da kuka sha zuwa wani gari yin gashin ciwon da inji a ce muku inji ya lalace ku dawo wani satin.

Maganar kuɗi kuma, tun 1948 jinya kyauta ce a tsarinsu na kiwon lafiya na gwamnati da ake ce wa NHS, amma kyautar haraji ce ana zare shi tun kafin albashi ya shigo hannunki, yawancin masu biza kuma fam 1,035 suke biya duk shekara. Magani in likita ya rubuta fam 9.90 ne kowane ɗaya, mai ciwon daji kuwa tun 2009 ba ya biya. Tallafin kuɗi na gwamnati akwai amma masu biza da yawa ba sa ciki, wannan ba a faɗa a gida.

Sauran kuma ƙungiyoyin sadaka ne suke riƙe da shi. Macmillan tun 1911 take, wani mutum ne ya kafa ta bayan ciwon ya kashe mahaifinsa, su ne suka zauna da Anti aka cike takardu. Akwai Maggie's kusa da asibitin Christie, gida ne kawai da babban teburin kicin, ki shiga ba kati ba komai ki haɗa shayi ki zauna, in kina son magana akwai mai saurare. Na ce oh, da attajiran Kwari da Singa za su gina ko ɗaya irin wannan.

Amma Yaya babu dubiya. Ranar kemo na ga wata tsohuwar baturiya ita kaɗai da jakarta, an gama ta kira tasi ta tafi. Ba mai jinya da tabarma a gefen gado, ba kuloli a jere, ba wanda zai cika ɗaki da addu'a har nas ta kore shi. Anti ta dawo gida bakinta ba ya jin ɗanɗanon komai, kunun tsamiya kawai take so, mijinta yana aikin dare yara suna makaranta, na same ta a kicin tana kuka a tsaye, ni na dama mata da 'yar ragowar tsamiyata.

Dan Allah in kin je duba matar Kawu ki bari sai 'yan dubiya sun watse, ki ja ƙofa ki tambaye ta abin da ya fi damunta ban da ciwon, in ta ce ba komai ki sake tambaya. Kuma akwai mai tahowa ƙarshen wata, ki haɗo min tsamiya da garin kunu da daddawa, ki ɗaure daddawar sosai a leda biyu. A gaida Umma.