VLC a tsohuwar kwamfutata: abin da ya gyara da abin da ya fi ƙarfinsa

Sana'ata a Garwa haɗa bidiyon biki da suna, kuma yawancin abin da nake aiki da shi daga wayoyin dangin amarya yake fitowa. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bidiyo ya buɗe, murya na tafiya, amma fuskar kwamfuta baƙi ƙirin. Masu gyara da yawa da sun ji haka sai su ce a goge komai a sake zuba Windows, alhali kwamfutar lafiyarta ƙalau.

Sunan MP4 da ke jikin fayil kamar buhu ne, bai gaya maka abin da ke ciki ba. Wani bidiyon da H.264 aka matse shi, tsarin da ya fito tun 2003, kusan kowace na'ura tana karanta shi. Wani kuma da HEVC, wato H.265 na 2013, wanda iPhone ta koma ɗauka da shi tun 2017. Manhajar da ba ta da kodek ɗin HEVC, wato abin da ke warware irin wannan matsin, sai ta ba ka murya ta bar hoto.

A nan VLC, manhajar kunna bidiyo, ya burge ni. Da kodek ɗinsa yake zuwa, ba sai ka bi shafuka kana sauke tarkace ba. Kyauta ne, babu talla, kuma ƙungiyar VideoLAN ce ke kula da shi, aikin da ɗalibai suka faro a makarantar École Centrale ta Faransa a 1996. Idan bidiyo na tafiya ka danna Ctrl da J, zai nuna maka kodek ɗin da ke ciki. Wannan kaɗai ya rage mini gardama da abokan ciniki, don ina juya musu kwamfutar su gani da idonsu. Idan murya ta riga baki ko ta makara, J da K suna daidaita ta.

Da hoto ya fara fashewa yana yin kore-kore, sai na shiga Outils, Préférences, Entrée / Codecs (tawa da Faransanci take, kamar ta yawancinmu), na kashe Décodage matériel, wato warware bidiyo da sashen hoton kwamfuta. Hoton ya washe nan take.

Sai dai bidiyon 4K na HEVC har yanzu tsalle yake yi, kuma wannan raunin injina ne. Kwakwalwar Intel da ta riga zubi na 6, na shekarar 2015, ba ta warware HEVC gaba ɗaya da sashen hotonta, sai nauyin ya hau kan babban injin. Ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka. Kwamfuta na ɗaukar zafi sai ta rage gudu da kanta. Busa ƙurar ya taimaka sosai. Bidiyon da suka ci gaba da tsalle kuma ina mayar da su H.264 mai 1080p da HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, na bar ta tana aiki da dare.

Akwai kuma fayil ɗin da wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafarsa. Na AVI, wani nau'in fayil ɗin bidiyo, VLC kan yi tayin gyara jerinsa ya kunna. MP4 da ya yanke kuwa sau da yawa ba ya buɗewa, domin bayanin da ake buƙata yakan zauna a ƙarshen fayil. Irin wannan nakan ce wa hajiya ta dawo da wayar a sake kwafa, kuma kada ta goge komai sai na kira ta.