Neman fayil ɗin kakan da ya mutu a Le Mesnil-Patry

Ranar 11 ga Yuni, 1944, a Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa suka ragargaza tankokin rundunar 1st Hussars ta Kanada a Le Mesnil-Patry, Faransa. Mai neman sawun kakansa da ya faɗi a nan, rumbun adana tarihi na ƙasar Kanada, wato Library and Archives Canada, ya fi komai amfani: fayilolin mamatan yaƙin a buɗe suke, neman suna kyauta ne. A nema da lambar soja, don suna kaɗai kan kawo mutane barkatai. Inda ake tuntuɓe: takardu kan kira rundunar 1st Hussars da sunan 6th Armoured Regiment. Fayil yana ba da ranar ɗauka aikin soja, wasiyya da wasiƙar ta'aziyya, amma yadda artabun ya kasance sai a kundin yau da kullum na rundunar. Fayil ɗin wanda ya tsira daga yaƙin ya rasu daga baya kuwa, sai da takardar shaidar rasuwa, ga dogon jira.