Eriyar cikin ɗaki: ta Ingila da ta kasuwar Sakkwato

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali na lafiya. Ga bayanin eriyar da kuka ce a aiko, kafin a kashe kuɗin aike a banza.

A nan Ingila an rufe tsohon tsarin analog tun Oktoban 2012. Tashoshin da ake kamawa ta iska sunansu Freeview, babu kuɗin wata, sai dai akwai lasisin talabijin na shekara, wanda aka kai fam 174.50 a Afrilun 2025. Eriyar ɗaki kuwa ga ta nan birjik a kantuna: wata faifai ce siririya da ake mannawa a gilashin taga, wata mai ƙaho biyu da zobe, daga wajen fam 10 zuwa 30. In aka ɓare robar, abin da ke ciki ɗan siririn ƙarfe ne kawai, bai fi wanda ake sayarwa a Babbar Kasuwar Sakkwato da komai ba. Inda suka fi mu shi ne bayani. Mutum zai rubuta lambar unguwarsa a shafin Freeview, nan take a gaya masa turken da ke ba shi sigina: mutanen Manchester su fuskanci Winter Hill, na Landan Crystal Palace, na Birmingham Sutton Coldfield. Mai gyara ma da mitar auna sigina yake zuwa, ba ya tsayawa yana ta "ya fito? ya fito?" da yaro a gaban talabijin.

To, mitar nan kuna da ita a gida ba ku sani ba. Dikodar StarTimes ko GOtv mai amfani da eriya tana aiki da DVB-T2, tsarin da Ingila ma take amfani da shi wajen tashoshi masu tsabtar hoto. Ku shiga wurin saiti za ku ga layi biyu, ɗaya na ƙarfin sigina, ɗaya na ingancinsa. Na ingancin za ku sa wa ido, domin ƙarfi na iya cika fal alhali hoto na daskarewa. Dijital ba ya yin dishi-dishi kamar na da, ko dai ya fito tas ko ya ɗauke ɗungurungum.

Ku tambayi mai sayar da dikoda a unguwa inda turken yake, ko ku dubi inda eriyoyin maƙwabta suka juya. Sai a kai eriyar tagar da ke kallon wannan ɓangare, a ɗaga ta sama iya yadda waya ta kai. A riƙa matsar da ita taƙi ɗaya, a janye hannu, a jira daƙiƙa biyar kafin a karanta layin. Dalilin taƙi ɗayan: a megahaz 600 tsawon zangon sigina santimita 50 ne, kuma cikin ɗaki yana karo da bango ya dawo ya soke kansa, shi ya sa matsarwa ta santimita 12 zuwa 25 kan fitar da eriya daga mataccen wuri. A gwada ta a kwance, a gwada a tsaye. In an dace, a manne ta da salatif, a sake binciken tashoshi.

Gidajenmu na da matsalar da ba kasafai ake samu a nan ba. Rufin kwano yana mayar da sigina, ƙarfen bogila da ragar sauro ta waya suna tare shi a bakin taga, rufin kankare mai rodi ma haka. Ginin ƙasa ya fi sauƙin ratsawa. In taga duk ƙarfe ce, gara a fitar da eriyar baranda. Kuma a nisanta ta da caja mai arha, kwan LED maras kyau da inbata. Gwajin ba wuya: a kashe su ɗaya bayan ɗaya ana kallon layin inganci.

Waya ita ce ke cin mutane. A nemi RG-6 mai om 75, a yanke daidai buƙata, don mita 30 na iya cinye fiye da rabin sigina. Wajen ɗaura kan F, wato ɗan ƙarfen da ake murzawa a bakin waya, a tabbatar ko silin gashi ɗaya na saƙar waje bai taɓa jan ƙarfen tsakiya ba. In ya taɓa, komai ya mutu. Raba layi gida biyu yana rage wa kowace talabijin fiye da rabi. Ranar Sakkwato kuma tana tsattsaga robar wayar da aka bari a fili, damina ta zo ruwa ya shige.

Busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, ba ya ƙirƙiro siginar da babu. Amfaninsa cike asarar doguwar waya ne, kuma kusa da eriya ake sa shi. Wanda ke kusa da turke in ya sa busta, sigina na iya yi wa dikoda yawa hoto ya ƙara lalacewa.

Don Allah kada a sa kowa ya sayo talabijin daga Amurka saboda wannan. Tsarinsu ATSC ne, wutarsu bolt 120, tamu 230. Eriyoyinsu masu rubutun "mil 150" a kwali ma talla ce, lanƙwasar ƙasa ba ta barin sigina ya wuce wajen mil 60 zuwa 70 ko da eriyar saman rufi.

Gidan Mabera da ke cikin Sakkwato ya fara da eriyar da ke hannu da sabuwar waya. Na Bodinga kuwa, da yake wajen gari ne, ba aikin eriyar ɗaki ba ne: a sayi mai haƙarƙari a ɗora bisa doguwar sanda ta wuce kwano, a ja waya daga sandar zuwa ƙarfen da aka kafe a ƙasa saboda tsawa.