Takardar shaidar tsaron saba a Docker: a gina ta ciki ko a jona ta daga waje?

Mai kula da sabar ofis a Maradi, in ya sa wa takardar shaida (fayil ɗin da ke tabbatar wa na'urori cewa sabar ta gaskiya ce) hannu da kansa, kwantenonin Docker, wato keɓaɓɓun akwatunan da manhajoji ke gudana a ciki, ba za su yarda da ita ba.

Kana iya zuba ta cikin hoton da ake tayar da kwantena daga gare shi (image) tun wajen gini. A Debian, wani nau'in Linux, fayil mai ƙarshen .crt ya shiga /usr/local/share/ca-certificates, sannan ka kira update-ca-certificates. Aiki ne mai tsafta, amma ranar da takardar ta canza sai an sake gini, ga intanet ɗinmu mai tafiyar hawainiya.

Ni na fi son jona kundin takardun uwar na'ura (wadda kwantenan ke gudana a kanta) kan /etc/ssl/certs/ca-certificates.crt lokacin tayarwa. Ka sauya fayil, ka sake kunnawa, shi ke nan.

Kowacce ka ɗauka, Node.js, manhajar gudanar da JavaScript, nasa kundin yake dubawa, sai ka nuna masa taka da NODE_EXTRA_CA_CERTS.