Kur ɗin jenetik na yamma a Zango, ra'ayina

Salamu alaikum ƴan uwa ɗaliban lafiya na Damagaram, masu tambayata a WhatsApp ko kur ɗin jenetik (ilimin gadon halitta) ɗin nan da wani malami ke bayarwa da yamma a Zango ya cancanci kuɗinsa, to ga amsa ɗaya ga kowa. Ya cancanta wallahi, amma akwai gyara.

Abin da ya fi burge ni, malam bai fara da waken Mendel, wanda ya gano ƙa'idojin gado, ba kamar yadda aka yi mana a darasin kimiyyar halittu (SVT) kafin bak. Da emasi ya fara, wato sikila, ciwon da kusan kowa a ajin ya san gidan da yake. Ya rubuta GAG, haruffa uku na ADN (sinadarin da ke ɗauke da gado), a allo, ya goge harafi ɗaya ya koma GTG, ya ce ku duba, a kan koromozom na 11 ne, wuri na 6 a sarƙar beta ta emogulobin (furotin ɗin da ke ɗaukar oksijan a jini), tubalin furotin valin ta maye gurbin gulutamat, shi ke nan jan ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje idan iskar oksijan ta yi ƙaranci, ta toshe ƙananan jijiyoyi, yaro ya kwana yana kuka da ciwon ƙashi. Daga nan ya kawo Mendel da aikinsa na 1865, sai ka ga lissafin ya zauna da kansa.

Kuma ya matsa sosai a kan abu ɗaya: AS (mai ɗauke da gadon sikila amma ba shi da ciwon) ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zama SS (mai ciwon), kowane ciki daban, ba wai in an haifi mai ciwo ɗaya sauran uku sun tsira ba. Yakan sa ka tashi ka yi wannan bayani da Hausa kamar uwa ce zaune gabanka a asibiti, ba Faransanci ko kalma ɗaya, kuma ba tare da ka ɗora ma ta laifi ko ka zagi auren zumunci ba. Nan ne ake gane wanda ya fahimta da wanda ya yi hadda. Ya kuma bayyana dalilin yawan AS a ƙasashenmu, cewa AS yana ba da kariya daga mummunan zazzaɓin sauro, ya taɓo SC (wani nau'in sikila), da ƙarancin G6PD (wani ciwon jini na gado) da ke kan koromozom X shi ya sa ya fi kama maza, da rikicin rezus (saɓanin rukunin jini) tsakanin uwa da jariri.

Matsalar kuwa, babu labo ko kaɗan. Elektoroforez a hoton waya kawai muka gan shi, alhali shi ne gwajin da gobe za mu riƙa tura mutane su yi kafin aure. Sashen ADN, kwafi da fassara zuwa furotin, gudu yake yi da shi, kuma can ne egzame ke kayar da mutane. Ɗakin ma ƙarami ne, in kuran ya ɗauke zafi ba a magana, fotokopi wasu shafukan ba sa karantuwa.

Wanda ke shekarar farko ko ta biyu, likita ko ungozoma ko labo zai yi, ya je, amma ya zo da wuri don kujerun gaba, ya kuma nemi littafi na daban saboda sashen ADN ɗin nan.