Jan littafin takwararki

Yaya, ina gaisuwa. Ya Inna da yara? Kin tambaye ni ko a nan Birmingham ma ana yi wa jarirai allurar rigakafin nan da maigidanki yake ɗari-ɗari da ita. Ana yi, kuma kyauta, kamar can gida.

Tun kafin suna suka ba ni wani jan littafi. A ciki ake rubuta awon takwararki da duk allurar da aka yi mata. Ban da ta tarin fuka, ta farko sai da ta cika sati 8, sannan 12, sannan 16, mu kuwa kin san 6, 10, 14 ne. Ta tarin fuka da ake yi wa kowane jariri a gida, nan ba kowa ake yi wa ba. Ita an yi mata ne don iyayenta 'yan Najeriya ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayani. Kafin nas ta taɓa cinyar yarinyar sai da ta zaunar da ni, ta ce ta sanƙarau takan sa zazzaɓi, in ba ta farasitamol na jarirai, zafin zai sauka cikin kwana biyu, in ya ƙi in kira su. Nan take na tuna ranar da muka kai Abbanki: dogon layi a rana, a caka masa, a ce ta gaba ta matso. Da dare jikinsa ya ɗau zafi, Inna ta rantse ba za a sake kai shi ba. Da an yi mana maganar minti biyu, da ba mu kwana cikin zullumi ba.

Har batun alade na tambaya, ba ta ɓata rai ba. Allurar ƙyanda iri biyu ce a nan, ɗaya da gelatin na alade, ɗaya babu, kuma wadda kika nema za a ba ki.

Kada ki ɗauka Turawa ba su da jita-jita. A 1998 wani likitansu, Andrew Wakefield, ya danganta allurar ƙyanda da galahanga, wato autism. Bincike ya ƙaryata shi, a 2010 aka hana shi aikin likita, amma har yau akwai masu tsoro. Ƙyandar da ta ɓarke a garin nan daga ƙarshen 2023, yaran da ba a yi wa allura ba ta fi kamawa.

Inda kuka fi mu: nan ba mai yi miki sallama da akwatin ƙanƙara ta ɗiga wa yaro maganin shan inna, ta shafa masa tawada a ɗan yatsa. Sau ɗaya na manta ranarmu, sai da na yi ta jira a waya kafin a ba ni wata.

Ki duba katin autanki, in ya cika wata 9 ta ƙyanda ce ta zo. Ki turo mini hotonsa, zan kira maigidan naki ranar Lahadi.