The Moonstone a bugun araha: labarin ya ci kuɗinsa, takardar ce sai haƙuri

Littafin da nake magana a kai ƙaramin bugu ne mai bangon takarda, irin wanda ake samu wurin masu sayar da tsofaffin littattafan Turanci a bakin titi, an jibge shi cikin ƙamus da littattafan jarrabawa. Shafinsa ya haura 400. Sunansa The Moonstone, labarin binciken satar wani dutse mai daraja ne, Wilkie Collins ne ya rubuta shi, ya fara fitowa a Ingila a 1868, zamanin Sarauniya Biktoriya. Abin da na biya bai kai kuɗin mudun shinkafa ba. Kamfanoni da yawa suna buga shi, tunda haƙƙin mallakarsa ya daɗe da faɗuwa, kuma bugun arahar kusan duk halinsu ɗaya.

Jikin littafin dai ba abin yabo ba ne. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, mai shekaruna sai da tabarau da hasken rana. Takardar ta yi siriri har kana hango layin bayan shafi, kuma gam ɗin da aka ɗaure shi da shi ya fara sakin shafuka tun ban kai tsakiya ba. Babu bayanin kalmomi a ƙarshe, alhali Turancin na mutanen da ne, akwai sunayen tufafi da na karusai da na kuɗi waɗanda ko Baturen yau sai ya tambaya. Amma babban laifin yana gaba. Wani masani ya rubuta gabatarwa mai tsawo, kuma a cikinta ya faɗi wanda ya ɗauki dutsen da yadda aka yi. A littafin da duk daɗinsa a ɓoye wannan sirrin yake! Allah ya taimake ni, ɗabi'ata ce in tsallake gabatarwa sai na gama littafi. Duk wanda ya sayi irin wannan bugun, ya sa tsinke ya maƙale shafukan farko kafin ya fara.

To, ga labarin. Wani hafsan sojan Ingila, John Herncastle, ya saci wani babban lu'ulu'u rawaya ranar da Turawa suka ci birnin Seringapatam na Indiya a 1799, yaƙin da aka kashe sarkin ƙasar, Tipu Sultan. Asalin dutsen na goshin wani gunkin Hindu ne, kuma limamansa uku suna biye da shi, in sun mutu wasu su gada. Da Herncastle zai mutu sai ya bar wa 'yar ƙanwarsa, Rachel Verinder, wasiyyar dutsen, a ba ta ranar da ta cika shekara 18. An ƙiyasta kuɗinsa aƙalla fam 20,000. An yi liyafa a gidansu na ƙauye a Yorkshire ranar 21 ga Yuni 1848, ta maƙala shi a riga kowa ya gani, ta sa shi a aljihun wani kabad ta kwanta. Gari na wayewa babu dutse. Ƙofofi a kulle, karnuka a sake, Indiyawa ukun da kowa ya fara zargi kuwa ba su kusanci gidan a lokacin satar ba. Ɓarawon a cikin gida yake, sannan ita Rachel, wadda aka yi wa satar, ta kulle ɗakinta ta ƙi ba kowa haɗin kai.

Ni tsohon rajistaran kotu ne, aikina rubuta abin da shaidu suka faɗa, kuma ta nan littafin ya kama ni. Collins bai ba mutum ɗaya labarin ya faɗa ba. Ya karanta shari'a, an ma rantsar da shi lauya a 1851 ko da yake bai yi aikin ba, sai ya tsara littafin kamar fayil ɗin ƙara: kowane shaida ya rubuta abin da ya gani da idonsa a lokacin, ba abin da ya ji daga baya ba, in ya kai iyakar saninsa ya miƙa wa na gaba alƙalami. Wanda ya zauna a kotu ya san cewa shaida yakan fallasa kansa fiye da yadda yake fallasa wanda ake tuhuma. Wannan marubucin ya san haka sarai.

Shaidan farko Gabriel Betteredge ne, sarkin gidan, tsoho ɗan sama da shekara 70, mai lofe da kujera a tsakar gida. Duk abin da ya dame shi sai ya buɗe littafin Robinson Crusoe duk inda hannunsa ya faɗa, ya ce ga amsa ta fito. Yana da surutu, yakan bar maganar dutse ya koma kan marigayiyar matarsa, har 'yarsa Penelope ta riƙa dawo da shi hanya. Na ga shaidu irinsa ba adadi: alƙali ya tambaye shi ina yake ranar Talata, shi kuma ya faro daga shekarar da aka yi fari. Amma mai gaskiya ne, sai dai biyayyarsa ga iyayen gidansa ta rufe masa ido. Ba ya ƙarya, ba kuma ya iya ganin laifin 'yar gida. Mai karatu ne zai riƙa ganin abin da tsohon ya gani bai gane ba.

Ta biyun ita ce ta fi ba ni dariya. Drusilla Clack, 'yar uwa matalauciya, mai yawo da jaka cike da 'yan takardun wa'azin coci tana cusa su a ƙarƙashin matashin kujera da aljihun rigar mutane. Akwai inda direban karusa yake jiran ɗan ihsani, ta miƙa masa takardar wa'azi. Bakinta bai rabuwa da zancen tsoron Allah, amma ta laɓe bayan labule tana sauraron hirar da ba tata ba, kuma ita da kanta ta faɗa mana biyanta aka yi kafin ta yarda ta rubuta bayaninta. Abin mamaki, Collins ya ce wannan ɓangaren a kwance ya shifta shi, ciwon gaɓoɓi ya kayar da shi, mahaifiyarsa kuma tana jinyar ajali. Ta rasu a 1868 ɗin, labarin yana tsakiyar fitowa.

Sai ɗan sandan ciki, Saje Cuff, wanda aka ɗauko daga Landan bayan sufuritandan yankin ya dagula komai. Siririn dattijo ne, ba ya sauri, kuma abin da ya fi so a duniya furen wardi. Ana tsakiyar bincike sai ka same shi a lambu yana gardama da mai kula da shuka. Ga wurin da na fi so. Rachel da ɗan uwanta Franklin Blake sun yi wa ƙofar ɗakinta zanen fenti, an gama da yammacin ranar liyafa. Da safe aka ga ɗan wurin da fentin ya goge a ƙasan makulli. Sufuritanda ya ce siket ɗin 'yan aiki ne da suka yi cincirindo da safe, ba wani abu ba ne. Cuff ya tambaya: awa nawa fentin yake yi ya bushe? Aka ce 12. Ya yi lissafi, ya ga tun kafin asuba ya bushe. Ke nan wanda ya goge shi cikin dare ya shiga, kuma akwai rigar da ke ɗauke da tabon fenti a gidan nan. Daga nan maganar lu'ulu'un fam 20,000 ta koma maganar littafin wanki da ƙirga rigunan barci. Haka bincike na gaske yake, a kan ƙaramin abu yake juyawa.

Wannan rigar ba daga kan marubucin kaɗai ta fito ba. A 1860 an kashe wani ƙaramin yaro a wani gida da ake kira Road Hill, aka turo Sufeto Jonathan Whicher daga Scotland Yard, hedikwatar 'yan sandan Landan. Ya zargi yayar yaron, Constance Kent, saboda wata rigar barcinta da ta ɓace. Jaridu suka yi masa ca, wai ɗan talaka ya ci mutuncin 'yar gidan mutunci. A 1865 ta amsa laifin da bakinta. Sashen 'yan sandan ciki na Landan kansa a 1842 aka kafa shi, don haka baƙo ya shigo gidan masu hali yana buɗe akwatin tufafin mata sabon abu ne, kuma abin ƙyama. A littafin ma uwar gidan sallamar Cuff ta yi da cek, ya tafi bai samo dutsen ba.

A ganina nan ne sirrin daɗewar irin waɗannan littattafai. Ba gawa ko jini ke riƙe mai karatu ba, rufin asirin gida ne da ake yaye shi a hankali. Bashin da ake ɓoyewa, soyayyar da ba a furta ba, mutumin kirkin da kowa ke yabo alhali yana da wata rayuwar a gefe, 'yar aiki Rosanna Spearman da ta taɓa zaman kurkuku don haka ita ce farkon abin zargi. Shekara 150 da ɗoriya ba su canza wannan ba. Kuma Collins ya yi abin da ban zata daga Baturen zamaninsa ba: shekara 11 kacal bayan boren Indiya na 1857, lokacin da ake zagin Indiyawa a jaridun Ingila, ya buɗe littafinsa da nuna cewa ɓarawon farko hafsan Ingila ne. Shi da kansa ya ce labarin Koh-i-Noor, lu'ulu'un da aka miƙa wa Sarauniya Biktoriya a 1850, yana cikin abin da ya ba shi tunanin. Wannan dutsen har yau yana Landan.

Akwai inda ya gajiyar da ni. Wasiƙar da Rosanna ta bari a cikin akwatin ƙarfe ta yi tsawon da hankali ba zai ɗauka ba, mai shirin abin da take shiri ba ta da wannan natsuwar. Warwarar sirrin kuma ta rataya a kan lodanom, ruwan maganin ofiyom da ake saye a kantin magani kamar ruwan sha a lokacin, wanda Collins kansa ya kamu da shi saboda ciwonsa. Gwajin da Ezra Jennings, mataimakin likita, ya shirya a ƙarshe yana da daɗin karantawa, amma da a gaban alƙali aka kawo shi, lauya ɗan bana-bakwai ma zai wargaza shi. Na yafe saboda Jennings ɗin, mutumin da gari ya ƙi don kamanninsa da asalinsa, kuma shi ne ya fi kowa tausayi a littafin.

Tsawon kuwa yana da dalili. Ba a dunƙule aka fara sayar da shi ba. A mujallar Charles Dickens mai suna All the Year Round ya riƙa fitowa mako-mako, kashi 32, daga Janairu zuwa Agusta 1868, kowace fitowa a kan peni biyu. Shi ya sa kowane 'yan shafuka sai ka ji an tsaya a inda ranka bai so ba. Matan gidana da ke bin littattafan Hausa a WhatsApp, suna kwana jiran marubuciya ta sako shafi na gaba, su ne suka fi saurin gane wannan. Da na ba ƙaramar 'yata labarin ƙofar fentin na yi shiru, cewa ta yi, "Haba Baba, kai ma irin nasu za ka yi mana?" Shawarata a karanta shi haka, babi biyu ko uku a dare. Mai son haɗiye shi a kwana biyu zai ƙosa tun wurin surutun Betteredge.

Wanda idonsa ba zai jure ƙananan rubutun ba, akwai mafita kyauta. Shafin intanet na Project Gutenberg yana da cikakken rubutun, sai ka sauke a waya ka ƙara girman haruffa yadda kake so. LibriVox kuma, wanda aka kafa a 2005, 'yan sa-kai ne ke karanta tsofaffin littattafai da murya. Sauraron wannan zai ci wajen awa 20, don haka a sauke inda data take da araha.

In Turancinka bai yi ƙwari ba tukuna, kar ka fara da wannan. Fara da gajerun labaran mai bincike Sherlock Holmes na Arthur Conan Doyle, waɗanda suka soma fitowa a mujallar Strand a 1891. Guda 56 ne, kowanne zama ɗaya ya ishe shi, jimlolin kuma sun fi sauƙi. Holmes ya fi Cuff ƙwalisa, ba ya cika kuskure, amma mutanen da ke kewaye da shi ba su da nauyin na Collins, sukan shigo su faɗi matsalarsu su fita. In ka gama The Moonstone ka ji kana son ƙari, nemi The Woman in White, wanda ya fito tsakanin 1859 da 1860, shi ma a tsarin shaidu. Tsoro ya fi yawa a can: miji da ke neman dukiyar matarsa a zamanin da dokar Ingila ta mallaka wa miji abin hannun mace, gidan mahaukata da ake iya kulle mai hankali a ciki, da Marian Halcombe, 'yar uwar matar, da ta hau rufin baranda cikin ruwan sama don ta ji abin da maza biyu ke ƙullawa.

Gargaɗi ɗaya ga mai tonon tsofaffin littattafai. Za ka iya cin karo da The Mystery of Edwin Drood na Dickens, sunan ya ja ka. Ka sani kafin ka biya: Dickens ya rasu a Yunin 1870 ya rubuta kashi 6 cikin 12 da ya tsara, kuma bai bar rubutaccen bayanin yadda zai ƙare ba. Wasu bugun arahar ba sa faɗin haka a bango.